Hannun Rigar Yaya Ummaru

Da kakar bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Ummaru mai inji na Ƙofar Atiku. Har yau in na tuna shi, ina gama yi masa addu'a sai haushinsa ya taso mini. An ce ba a fushi da mamaci. Na gwada, abin ya ƙi.

Hatsi ya tashi yana sayarwa, sana'ar mahaifinmu. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa zamanin soja, Sakkwato ta rikice da gine-gine, duk wanda hannunsa ya yi nauyi sai ya sayi inji. Yaya ya sayo nasa, ƙaton injin niƙa mai shan man gas, ya kafa shi a wani ɗaki da ke jikin gidansa. Injin ya zo da murfin ƙarfe wanda ya rufe bel ɗin da ke juya shi. Ba a jima ba bel ya zame, makanike ya kwance murfin ya gyara, zai mayar Yaya ya ce a bar shi, gobe ma zamewa zai yi. Da na je gaisuwa na tarar da murfin a tsakar gida cike da dusa, raguna suna ci a ciki.

Ni a lokacin ina aiki a ma'aikatar siminti ta Kalambaina. Can an nanata mana abu guda har ya zauna: abin da ke juyawa ba a taɓa shi sai an kashe, kuma ba a matsa kusa da shi da tufa mai yalwa. Na sami Yaya na ce, "Yaya, don Allah a mai da murfin nan. Bel bai san mai shi ba."

Ya ce, "Bello, tun da anka ba ka hular kwano kake ganin mutuwa ko'ina. Ni da na sayi abina, ni za ya ci?"

Abin da ke ƙona mini rai shi ne injin bai ɓoye halinsa ba. Garba, wanda ke tuƙa shi, ya sunkuya wata rana, bel ya fizge hularsa ya wurga ta rufin ɗaki. Aka yi ta dariya. Wata mata ta kawo niƙa, bel ya kama bakin mayafinta ya yage shi gida biyu, Allah ya sa ba ta naɗa shi a wuya ba. Yaya ya aika kasuwa aka sayo mata sabo wanda ya fi nata. Halinsa ke nan: zai biya ɓarna da fara'a, amma ba zai toshe ƙofar da ta shigo ba. Ɗakin babu taga, hayaƙi ya mai da bango baƙi. Man gas da gari sun haɗu a ƙasa, ka taka kamar ka taka kuɓewa. Na yi magana har matarsa, Inno, ta ce in riƙa sassautawa, kada zumunci ya ɓaci. In kunne ya ji jiki ya tsira, to nasa kunnen ya ji sarai, yarda ce bai yi ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi ya yi wanka ya sa babbar riga zai tafi masallaci. Ya leƙa ɗakin inji ya ga mata sun yi layi, bel yana zamewa, Garba ya fita alwala. Ba ya son ganin mutane suna jira. Ya ɗauki dunƙulen danƙon da ake goga wa bel ya miƙa hannu, inji yana gudu. Hannun rigar ya riga hannunsa isa. Kafin matan su gane inda ake kashewa, aikin gama ya gama. Washegari ya cika a asibiti.

A zaman makoki kalma ɗaya na yi ta ji: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ban taɓa ja da ita ba. Amma wanda ya ƙaddara ajali shi ya ba mu ido da hankali, kuma mu muke cewa rigakafi ya fi magani. Mun iya karin maganar, ranar aiki da ita ce ba mu sani ba. Garba ya samu aiki a wani gidan injin a cikin gari. Da na wuce ta can bayan sadakar arba'in, bel ɗinsu ma tsirara yake.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga Sakkwato ta yau. Zai ga mai walda yana kare ido da gilashin kwalliya. Zai ga magini a kan bene hawa uku da silifa, a kan katakon da aka ɗaure da igiyar buhu. Zai ga janareta yana hayaƙi cikin shagon tela an ja ƙofa, ga mai sayar da fetur a galan, ga mai tsire kusa da shi yana fifita wuta. Ina so in ce zai kama baki. Na san shi, cewa zai yi yaran nan akwai himma. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma mu sai mu ga wane, mu yi masa salla, mu koma mu ɗora daga inda ya tsaya.

Ya rasu ya bar Inno da ciki. Ɗan da ta haifa, Nasiru, yanzu magidanci ne, yana da shagon kafinta a Kwalkwalawa, da zarto mai amfani da lantarki. Kwanan baya na je na tarar da shi zai tayar da zarton sanye da doguwar riga. Na buɗe baki zan fara, ya riga ni. Ya cire rigar ya rataye, ya naɗe hannun 'yar ciki, sannan ya ce, "Bappa, na sani. Tun ina ƙarami labarin rigarshi kuke ba ni. Ba wanda ya taɓa gaya min mi yake so, mi ke ba shi dariya."

Mutum ya yi shekara arba'in a duniya, ya aurar da ƙannensa, ya ciyar da maƙwabta a shekarar fari, ya yi wa tsofaffin unguwa niƙa kyauta har suka riƙa kiran lungun da sunansa bayan an rushe ɗakin, amma abin da ya isa ga ɗansa hannun riga ne kawai. Ganganci ran mutum yake ɗauka, ya kuma haɗa da labarinsa.

Nasiru ya bar zarton ya jawo mini benci. Na gaya masa ubansa yana son fura mai yaji, ba ya iya wuce jariri bai ɗauka ba, kuma in yana auna wa mace gero sai ya ƙara mata tafi guda yana kallon wani wuri, wai don kada ta yi godiya. Allah ya gafarta wa Yaya Ummaru, ya sa ya huta. Nasiru ya saurara har na gama, sannan ya ce in ƙara masa.