Sabuwar Jarka da Hannun Surukina

Surukina yana kiwon raguna a wani hoshi da ke can bayan Muzdalifa, inda kwalta ke ƙarewa duwatsu su fara. Hoshi a nan Makka fili ne da aka zagaye da katanga. Nasu yana da rumfar kwano, da tankin ruwa a cikin ƙasa wanda motar ruwa ke zuwa ta cika, da ɗaki guda inda tsohon yake kwana. Babu wutar lantarki. Wani ƙaramin inji mai shan fetur ne ke jawo ruwa daga tankin zuwa kwamin dabbobi, kuma a zafin garin nan, idan injin ya tsaya wuni guda, washegari sai an fitar da mushe.

Tsohon ya zo aikin Hajji da iyalinsa tun matata tana ƙarama, bai koma ba, bai kuma taɓa samun iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Shi ya sa ba ya shiga gari. Aikin nan shi ne abincinsa, ɗakin nan shi ne mafakarsa. Gidana da ke unguwar Shisha kuwa ba zai zauna ba ko da an ware masa hawa guda, domin a wurinsa mutum ba ya tarewa a gidan mijin 'yarsa.

Ni ke kai masa mai duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tsarinmu bai taɓa canjawa ba. In ajiye cikakkiyar jarka a bakin ƙofa, in cire takalmi, in durƙusa daga nesa in gaishe shi. Ya amsa yana kallon raguna. Ya ce a gaida mutanen gida, in ɗauki jarkar da ta ƙare in tafi. Shekaru muna haka, ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, bai taɓa kiran sunana ba, kuma babu wanda ya ga laifin ɗan'uwansa.

Jarkokin guda biyu ne, na ƙarfe, koren fentinsu duk ya koɗe. Murfin yana buɗewa da turin babban yatsa. A cikin wuyan akwai wata 'yar hanya da iska ke bi, saboda haka mai yana fita sumul, ba ya shaƙewa. Na taɓa hango shi ta madubin mota yana zubawa. Ya ɗora jarkar a gwiwa, ya karkata ta da tsintsiyar hannu, man ya bi mazurarin da ya yanka daga robar ruwa. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Bara, ana saura 'yan makonni Hajji, ciyawa ta kama wuta a wani hoshi na maƙwabta. Mai hoshin da surukina ke yi wa kiwo ya tsorata, kuma da gaskiyarsa. Haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano, Hausarsa takan ƙare ne a gaisuwa sai ya koma Larabci. Ya zo da jajayen jarkokin roba sababbi, ya ce waɗannan ba sa zubewa ko an kifar da su, ya umarci a jefar da na ƙarfen. Dama yaron gidan mai ya fara yi mini gunaguni duk lokacin da ya gan su. Na mayar da wadda ke hannuna bakin ƙofar hoshi, na ɗauki sabuwa.

Na fara gwada ta a kan motata, a gindin benenmu. Na karanta bayanin da ke jikinta da Larabci, na sake karantawa da Turanci, duka biyun sun yarda da juna. Akwai wani zobe a gindin bututun jarkar, wanda za ka murɗa ka riƙe. Sannan ka maƙala leɓen bututun a bakin tanki, ka danna jarkar gaba ɗaya da nauyinta, kana riƙe da zoben har yanzu. Ka sassauta kaɗan, ta rufe. Ka danna da yawa, leɓen ya zame. Babu ƙofar iska, don haka man yana fita ne kamar mai shaƙuwa, ya tsaya, ya yi tsalle, ya biyo hannunka har gwiwar hannu. Tunda nake ban taɓa ɓarar da mai irin na ranar ba, kuma da jarkar da aka ƙera don kada mai ya zube. Da ƙyar na gano kanta, ni da yatsuna goma suke lafiya.

Yatsun surukina kuwa sanyin ƙashi ya daɗe da lanƙwasa su. Na san da haka. Amma ban haɗa zancen biyu ba sai da matata ta ɗaga rigarsa daga cikin wankin da nakan kawo mata, ta miƙo mini. Warin fetur ya cika ɗakin. Gaban rigar duk ya yi dabbare-dabbare.

A makon ne mai hoshi ya kira ni. Ya yi ta yabon tsohon, ya ce amana ce da shi, kamar uba yake a wurinsa. Na saurara ina jiran ƙarshen yabon. Ya ce ya je da rana tsaka ya tarar inji a kashe, kwami a bushe, ƙasa tana warin mai. Ya ce shekaru ba ƙarya ba ne, bari a ga yadda Hajjin nan zai wuce, in an sake samun matsala zai nemo mai jini a jika. Bai tambayi inda tsohon zai koma ba. Ni ma ban tambaya ba, don na san babu amsa.

Abin da ya kamata a yi a fili yake: wani ya zauna da shi ya duba yadda yake fama da jarkar. To, wa? Ni ba zan iya tsayawa a kansa in ce Baba ga yadda ake yi ba. Na tura matata. Ita kuwa 'yar fari ce, tsakaninta da shi gaisuwa ce kawai, ko sunanta ba ya faɗa. Ta dube ni ta ce, “Ni in ce wa Baba bai iya zuba mai ba? Kai da ka karanta ta da harshe biyu, je ka karanta masa da na uku.”

Juma'a mai zuwa na yi dabara. Na tsayar da mota daidai ƙofar hoshi, na buɗe tankinta, na fara zuba mata mai a hankali ina magana da ƙarfi kamar da kaina nake. Zobe a murɗa. Leɓe a maƙala. A danna. Ina jin yana bayana. Da na gama, sai na ji ya ce wa wani rago, “Ka ji zamani. Mota ma sai an yi mata wa'azi kafin ta sha mai.” Na shiga mota na tafi. A hanya na gane cewa ya fahimci zoben tun ranar farko. Hannun ne ba ya iyawa, kuma wannan ba abin da zai faɗa wa mijin 'yarsa ba ne.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Na shiga shagunan kayan mota na Shisha ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce irin ta da ba a kawo ta yanzu. Wani ya ba ni shawarar in cire sifirin ɗin da ke rufe bututun daga ciki in huda bayan jarkar da ƙusa. Na yi tunanin mai hoshi yana juya ta ya ga hudar, na fasa. Ga kwanaki suna tafiya. Da an shiga aikin Hajji za a rufe hanyoyi, ni kuma ina Mina ina yi wa alhazai tafinta, ba zan iya leƙowa ba sai an watse.

Juma'ar ƙarshe na cika jajaye biyu na tafi. Tun daga nesa na lura babu ƙarar inji. Da na tura ƙofa, raguna sun taru a bakin kwami suna haki, wasu suna lasar gindinsa. Tsohon yana zaune a ƙasa, ya matse jarkar makon jiya tsakanin gwiwoyinsa, yana ƙoƙarin murɗa zoben da tsintsiyar hannu. Fatar yatsunsa ta yi fari tana salewa. Na tsaya da takalmina a ƙafa. Ban san ko in durƙusa ba ko in juya baya in ba shi lokaci.

Shi ya tashi. Ya nufi tarin ciyawa, ya tura hannu can ciki, ya jawo jarkar ƙarfe, ya koma ya jawo ta biyun. Ya ajiye su a gabana, ya saka mazurarinsa a bakin ɗaya, ya tsuguna ya dafe shi.

“Danna, ni in riƙe,” ya ce.

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini kai tsaye ba ta bakin rago ko iska ba. Na murɗa zoben, na danna. Jar jarkar ta yi ta shaƙuwarta, hannunsa yana kusa da nawa har ina ganin jijiyoyinsa. Dukanmu mazurarin muke kallo. Da ta farko ta cika, bai jira ta biyu ba, ya ɗora ta a gwiwa ya shayar da injin, ya ja igiya. Ruwa ya taso, raguna suka rufe kwamin.

Muka cika ta biyu. Ya jera jajayen a ƙarƙashin rumfa, inda duk wanda ya shigo zai fara ganinsu. Ya ɗauki na ƙarfen zai mayar cikin ciyawa. Na ce, “Baba, ciyawa ce fa.” Ya ce ya san wuta tun kafin a haifi mai hoshi. Amma ya canja hanya, ya kai su bayan tanki gindin wani dutse, ya rufa musu jiƙaƙƙen buhu. A lokacin na ga gefen ɗaya yana tsattsafo da mai ta wurin ɗinkin ƙarfen. Ya ciro guntun sabulu daga aljihu ya goga a wurin, tsattsafon ya tsaya.

Kwanakin Mina ban yi su da cikakken hankali ba. Ina fassara wa wata hajiya inda tantinta yake, idona yana kan duwatsun da ke wajen Muzdalifa yana neman hayaƙi. Ni na cika jarkokin nan da hannuna, na kuma san dalilin da ya sa aka hana su. Idan matata ta kira shi, amsarsa ɗaya ce, lafiya lau. Ko hoshin na ci da wuta haka zai ce mata.

Da aka buɗe hanya na tafi ban ko biya gida ba. Na tarar da mai hoshi a can, yawancin ragunan an sayar, ko ɗaya bai mutu ba. Ya nuna mini jajayen jarkokin a jere, tsaf, babu ɗigon mai a jikinsu. Ya ce ka gani, ammi, wato baffa da Larabci, ya saba da su, dama sabo ne kawai. Tsohon ya ce alhamdulillahi. Ba a sake zancen mai jini a jika ba.

Yanzu aikin Juma'a ya ƙaru, sai mun juye man daga jajayen zuwa na ƙarfen. Ina ci gaba da tambaya a shaguna ko akwai jarkar da take rufewa gam amma raunannen hannu zai iya buɗe ta, har masu shagon sun fara girgiza kai tun ina bakin ƙofa. Makon jiya na lura shafen sabulun ya kai faɗin tafin hannu, kuma tsatsa ta fara cin gindin ɗayar. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon raguna kamar kullum, sannan ya turo mini mazurarin da ƙafa.