Ranar da Akuyar Bakhita Ta Sha Lalle

Duk wanda ya ce maka ya taɓa ganin matsoraciya, to bai haɗu da Bakhita ba. Ita ce matar da in maigadin gida ya yi mata sallama sai ta tsaya tana tunanin laifin da ta yi. In mota mai jiniya ta wuce can bakin titi, ita tana ƙololuwar bene a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira, sai ta kashe murhu ta yi tsit, wai kada hayaƙi ya nuna inda take. Ko tusa ta kama ta a cikin jirgin ƙasa, sai ta riƙe ta har gida, kada a ce baƙuwa ce ta yi.

Kuma da ba haka take ba. A wani ƙauyen manoma aka haife ta, kusa da Sinnar ta Sudan, inda kakanninta Hausawa suka yada zango a hanyar Makka, suka ce bari su noma dawa da riɗi na damina ɗaya, har yau ba su ƙarasa tafiyar ba. A cikin awaki ta buɗe ido. Tana budurwa takan kama bunsuru da ƙaho ta kayar da shi, samari na kallo suna sake shawara. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gidan ubanta ta ci gaba da kiwo. Sai yaƙi ya zo. Wata safiya wasu mutane suka sauko daga motoci, suka ce sun zo duba dabbobi ne kawai, suka kora garken gaba ɗaya tana tsaye da ƙwaryar tatsa a hannu. Tun daga ranar, kalmar "duba" ba ta shiga kunnenta sai ta fara neman maɓoya.

Da ita da tsohuwarta suka iso Alƙahira, suka sami ɗaki guda a kan rufin wani dogon bene. Tsohuwar, wadda kowa ke kira Habboba, ba ta da haƙori ko na rantsuwa, kuma ta ƙi madarar kwali, ta ce ruwan alli ne. Ta rame har in ta kwanta sai ka ɗaga bargo kafin ka tabbatar tana ciki. Bakhita ta yi ta toya kisra, burodin nan na Sudan mai faɗi, tana kai wa masu shago, har ta sayi wata farar akuya mai nono. Daga nan Habboba ta dawo duniya, har da ƙarfin zagi. Aka sa wa akuyar suna Madam, don tana zaune a saman kowa, ba ta aikin komai, abinci ma sai an kawo mata.

Rufin kuwa ba Madam kaɗai ba ce a kai. Rabin mutanen gidan 'ya'yan manoma ne da suka baro ƙauyukan Masar, kowa da abin da ya ajiye a sama: agwagi, kaji, tattabaru, har da wani ƙaton rago na Ustaz Osama, tsohon malamin makaranta, da yake kiwatawa don layya. Da zafi ya tsananta, wani mutum ya yi tafiya ya bar zomayensa a kulle cikin akwatin kwano ba ruwa. Warin da ya sauko daga rufin nan, an ce har ladanin unguwa sai da ya yi tari a tsakiyar kiran salla.

Shi ne aka tara mutanen gida a ƙofar shiga bayan la'asar. Ustaz Osama ya tsaya a kan matakala ya yi bayani, aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Bakhita tana can baya, manne da bango. Tun da ta ji an ce lajana, wato kwamiti, kunnenta ya toshe. Ta ga hannaye sun tashi, ta ɗaga nata. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba, ta ga 'yan tsirarun sun ɗaga, ta sake ɗagawa, kada su ji haushinta.

A kan matakala Ummi ta cim mata. Ummi matar wani ɗalibi ce, Malam Lawali, mutanen Gusau, tana zaune a hawan da ke ƙasa da rufin, tana yi wa mata lalle.

"Yaya Bakhita, ke wace irin mai zaɓe ce? Hannu biyu kamar mai kiran mota!"

"Ke dai 'yar Najeriya, faɗa mini me aka yanke."

"Ba ki ji ba? Kowace dabba sai da inuwa da ruwa. Ba ɗaure ta da gajeren igiya. Ba duka, ba ji mata ciwo. An zaɓi mutum uku, Ustaz da maigadi da Daktora Reem, likitar dabbobin nan mai tabarau. Ran Juma'a bayan masallaci za su hau su duba. Wadda aka samu an cutar, saukar da ita za a yi, khalas, shi ke nan."

Bakhita ta zauna daɓas a kan matakala.

"Ba ji mata ciwo, kika ce?"

"To ke ina ruwanki? Madam da ta fi ni cin daɗi?"

Bakhita ta kama hannunta ta ja ta sama, ta ɗaga ƙafar Madam ta gaba. A saman gwiwa akwai tabon wuta guda biyu, baƙaƙe, ba su gama warkewa ba. Ashe Madam ta jima tana ɗingishi, Bakhita kuwa ta yi abin da ta ga ubanta yana yi, shi ma ya ga nasa uban yana yi: ta sa ƙusa a garwashi har ta yi ja, ta yi mata lalas. A ƙauyensu wanda ya bar dabba tana ɗingishi bai yi mata lalas ba, shi ne mugu.

"Innalillahi! Yaya, gasa ta kika fara tun da ranta?"

"Magani ne, ya bitti, 'yar nan, magani! In suka tafi da ita, me Inna za ta sha?"

Kwanakin da suka rage kafin Juma'a, Bakhita ba ta ci abin kirki ba. Ta ƙona kisra har mai shago ya tambaye ta ko gawayi ta koma sayarwa. Ta gwada ɓoye Madam a banɗaki, Madam ta cinye sabulu ta buɗe baki ta yi wani kuka da ya sa tattabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Ta gwada ɗaure ƙafar da tsumma, Madam ta cinye tsumman. Ko takun yaro ta ji a matakala sai ta rungume akuyar tana salati. Habboba kuwa daga kan gado take ba da umarni.

"In sun zo ki ce musu 'yata ce ta fari, ke ce muka tsinta."

Ran Alhamis da hantsi Ummi ta hau da ƙwaryar lalle a kwaɓe.

"Ki faɗa musu gaskiya mana, Yaya."

"Gaskiya? Waɗancan masu motocin ma gaskiya na faɗa musu, suka tafi da garke."

"Tamam, na ji. To riƙe mini ita. Lalle yana busar da ciwo, kuma in ya kama sai a ce da haka aka haife ta, roɗi-roɗi."

Aka shafa a kan tabon, aka jira, aka wanke. Sai ga wani jan tambari a kan farar ƙafa, kamar an sa yatsa ana cewa ku duba nan. Ummi ta ce ai roɗi ɗaya shi ke jawo ido, a ƙara a ɗaya ƙafar. Aka ƙara. Bakhita ta ja da baya ta duba, ta ce yanzu kamar ta sa safa. Aka ƙara a baya, a wuya, a kunne. Hannun Ummi ya saba da amare, har ta fara zana fure a cinya kafin Bakhita ta buge mata hannu. Ita kuwa Madam, duk inda harshenta ya kai ta lashe. Kafin azahar farar akuyar nan ta koma kalar manja, bakinta da gemunta jajir kamar ta kashe wani ta cinye.

Juma'a ta yi. Bakhita ta share turken har siminti ya fara ƙyalli, ta cika bokitin ruwa, ta zuba ɗanyar ciyawa, ta tsaya a gaban Madam ta baza mayafi kamar kaza a kan ƙwai. Tana jin takun 'yan kwamitin yana hawowa. Suka duba agwagi. Suka duba kaji, aka yi wa mai su faɗa a kan ruwa. Ustaz Osama ya tsaya gun ragonsa ya yi masa kirari. Sannan suka juyo.

"Salamu alaikum ya Hajja," in ji Ustaz da Larabcinsu na Masar. "Ɗan matsa mu gani."

Ba ta matsa ba. Madam ce ta leƙo ta ƙarƙashin mayafin, ta tako tana ɗingishi, da jan baki.

Ustaz ya yi tsalle da baya, wani tsalle da bai yi irinsa ba tun yana saurayi.

"Ya sattar, Allah ya tsare! Jini a baki, ga ɗingishi! Cutar nan ce ta baki da kofato! Ragona! A saukar da ita yanzu, yalla, maza a kira motar hukuma!"

Maigadi ya toshe hanci da hular kansa. Bakhita ta dafe kai. Abin da ta yi don kada a kalli ƙafa ɗaya, ga shi ya jawo mota.

Daktora Reem ta matso. Ta durƙusa, ta buɗe bakin Madam ta leƙa, ta shafa gashin ta sunsuna yatsunta.

"Ustaz, lalle ne."

"Lalle?"

"Lalle. Bakinta lafiya lau." Ta ɗago kai ta dubi Bakhita. "Hajja, aure za ki yi mata?"

Maigadi ya fashe da dariya. Bakhita ba ta yi ba, don hannun likitar ya riga ya gangara ƙafar gaba. Ya tsaya a saman gwiwa. Madam ta zabura.

"Wannan wuta ce. Wa ya yi?"

Ummi tana laɓe a bakin matakala tana yi mata alama da ido ta ce ba ta sani ba. Bakhita ta dubi ƙofar ɗakinsu, inda Habboba ta rarrafo ta zauna da kofin nononta a hannu.

"Ni ce," ta ce, muryarta kamar ta sauro. "Ɗingishi take. Haka muke yi a gida. Wallahi ya Daktora ban taɓa kwana na ƙoshi ita tana jin yunwa ba. Tsohuwata ba ta shan komai sai nononta. Ku dake ni, ku bar ta."

"Doka ta ce ba ji wa dabba ciwo," in ji Ustaz, har yanzu daga nesa. "Kuma da hannunki kika zaɓa, na gan ki."

"Har sau biyu ma," in ji maigadi.

Daktora ta juya kofaton sama. Ya yi tsawo ya lanƙwashe kamar takalmin da ya fi ƙafar mai shi.

"Ga ɗingishin nan. Yaushe rabon da ki yanke mata?"

"Yanke me?"

"Kofato."

Bakhita ta ƙura wa kofaton ido. Ta yi kiwon awaki tun kafin likitar nan ta iya tafiya, amma ba ta taɓa jin an yanke wa akuya farce ba. Nasu kullum suna daji, dutse da ƙasa ke cinye shi. Madam kuwa daga turke sai bokiti.

Da likitar ta zaro wani ƙaton almakashi daga jaka, Bakhita ta kurma ihu ta faɗa a kan akuyar, ta ɗauka ƙafar za a cire. Sai da Ummi ta fito daga maɓoya ta riƙe ta. Aka yanke, aka wanke tabon aka sa masa magani. Madam ta taka, ta sake takawa, ta nufi ragon Ustaz ta cinye masa dusa.

Mutanen uku suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Bakhita tana kallon hannayensu kawai. Ustaz ya ce a saukar da ita, ya ɗaga nasa. Daktora ta ce a bar ta da sharaɗi, ta ɗaga nata. Saura maigadi. Ya dubi Ustaz, wanda ke ba shi goron salla, ya dubi Habboba, wadda ta kafe shi da ido ba ƙiftawa, leɓenta yana motsi. Ko addu'a take ko akasin haka, bai tsaya tantancewa ba, ya bi bayan Daktora.

"Ma'alish ya Hajja, ki yi haƙuri, ga sharaɗin," in ji likitar. "Ƙusar nan ki ba ni ita yanzu. In na sake ganin wuta a jikinta, ni da kaina zan saukar da ita. Sannan kullum da safe ki sauko da ita ƙasa ta yi tafiya a kan tsakuwa, har bakin layin dogo ki dawo."

"Ƙasa? A titi? Mutane suna gani?"

"A titi."

"A haka?" Bakhita ta nuna jar akuyar. "Yaushe zai goge?"

"Wannan sai ki tambayi mai zanen furen."

Washegari da safe Bakhita ta ja mayafi har hanci, ta yi duk addu'ar da ta haddace, ta kama igiya, Ummi na biye da ita. Kowane hawa suka sauko sai an buɗe ƙofa. Kafin su kai ƙasa labari ya riga su, masu shago sun fito, mai sayar da wake ya bar tukunyarsa, wata mata tana rangaɗa guɗa daga taga. A bakin ƙofa Bakhita ta tsaya cak. Can a kusurwar layi ga wani ɗan sanda yana shan shayi, ya juyo yana kallo.

"Ummi," ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "in ban dawo ba, da ɗumi Inna take shan nono, kada ki tafasa."

Madam ta fizgi igiyar ta yi waje, ta ja ta.