Mai Wushirya a Kowane Fim

Shekara uku na yi ina gaya wa matan gidanmu fim ɗin da ya cancanci kallo da wanda ɓata lokaci ne, alhali ƙafata ba ta taɓa taka ƙofar silima ba. In abin ya ba ku dariya ku yi abarku, ni ma yanzu dariyar nake yi. A lokacin kuwa wanda ya kuskura ya yi, sai ya ji abin da bai shirya ji ba, don bakina ba shi da linzami.

Gidan haya ne a unguwar Dutse Uku a Jos, ɗaki bakwai, famfo ɗaya, a ƙarshen shekarun saba'in, ana ta maganar soja za su miƙa wa farar hula mulki. Amarya ake ce mini a gidan, har na yaye 'yata ta fari sunan bai sake ni ba. Maigidana dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada. Tun kafin assalatu yake fita tarbar motocin dankali da kabeji, ya yini a tsaye tsakanin masu kaya da 'yan lodi, ya dawo yana warin albasa. Amma ranar Juma'a da Lahadi, da an sallame Magariba, sai ya sa rigar sanyinsa ya tafi silima. In ya dawo in zuba masa tuwo, yana ci yana ba ni labari. Da safe maza na watsewa, ni kuma in kafa kujerata a bakin famfo in juye wa mata.

Ni na jawo abin. A makon farko na aurenmu na ji waƙar Indiya a rediyon maƙwabta, na ce ni dai ina son in san abin da yake sa mutanen nan kuka da rawa a lokaci ɗaya. Sau ɗaya na faɗa, na ma manta. Juma'ar da ta biyo ya tafi silima.

Nan da nan na zama alƙaliya. Fim na Canis, na ce musu, kada wadda ta bari mijinta ya ɓata takalminsa: ƙatti ne ke tsalle kamar fara a kasko, a kashe malamin mutum, ya tafi dutse ya yi shekara yana dukan itace, ya dawo ya rama, shi ke nan. Na kaboyi sun fi ɗan dama, sai dai ƙazanta, mutum ya yi wata a kan doki ba a taɓa cewa ya yi wanka ba, hular nan kuwa ko barci da ita yake. Na yaƙi hayaniya ce kawai. Na ban tsoro kuma na ce wanda ya taɓa bin hanyar tsofaffin ramukan kuza shi kaɗai da almuru ba ya bukatar a tsorata shi da Bature mai dogon haƙori. Na Indiya ne kaɗai na yarda a kalla, su ma da sharaɗi, don ban ga dalilin da namiji mai gashin baki zai riƙa zagaya bishiya yana leƙen mace ba. Haka nake yanke hukunci, mata na gyaɗa kai, su je su gaya wa mazansu.

Shi kansa mai kawo labarin bai tsira daga bakina ba. Mutumin nan bai iya ba da labari ba ko kaɗan. Farkon fim yakan zo daidai, da sunan gari da kalar rigar akta, ƙarshe ma haka, an kama bos ko an ɗaura aure. Tsakiyar ce abin takaici. Kowane fim sai mota ta lalace a kan hawa. Na Indiya mota ta lalace, na Canis mota ta lalace, na kaboyi da babu mota sai keken doki ya karye a kan hawa, a sauke buhuna a sake lodi. Na ce masa, wai su mutanen nan ba su da makanikai ne a ƙasarsu? Sai ya ce haka dai aka nuna.

Sannan ga wata mata da ba ta taɓa fashi ba. Ko a Indiya ake, ko a Sin, ko a dajin kaboyi, sai ta fito: mai wushirya, mai kaifin baki, ta tsaya a ƙofa hannu a ƙugu tana wanke akta tas. Ya dawo daga yaƙi da jini a goshi, ta ce ina cefane. Ya kashe mutum goma, ta ce ya shigo mata ɗaki da taɓo. In maigidana ya zo wurinta a labarin har ajiye loma yake yi, ya maƙale murya yana kwaikwayonta. Ni kuwa na tsani matar nan. Wata rana na ce, “Wallahi da ni ce aktan nan da tuni na sallame ta.” Ya ci gaba da cin tuwonsa, ya ce, “Ai ba zai iya ba.”

Matan gida kuwa ita suka fi so. Kafin in zauna sai su ce, “Amarya, mai wushirya ta fito?” Iya mai ƙosai, tsohuwar da ke ɗakin bakin zaure, takan dube ni ta ce, “Ni kam matar nan kamar na san ta.” In ce, “Haba Iya, a ina za ki san Ba'indiya?” Sai ta ci gaba da surfen wakenta tana murmushi.

Ana haka wata da ake ce wa Sista ta kama ɗakin da ke kusurwa. Ma'aikaciyar asibiti ce, 'yar ƙauyukan kan dutse, ba ta da miji a gidan, tana da albashinta da takalmi mai tsini, kuma da ƙafarta take zuwa silima. Tun ranar da ta tare na ƙi jininta, ba don ta yi mini komai ba, sai don na ga tana da abin da zai tashe ni daga kujerata.

Wata Asabar ina tsakiyar labarin wani sabon fim na Indiya, na kai inda motar akta ta mutu a kan hawa, mai wushirya ta sauko tana ce masa ko tura mota bai iya ba. Sista tana wanke farar rigarta a gefe. Ta ɗago ta ce da gurguwar Hausarta, “Amarya, wane fim ne wannan kana faɗi?” Na gaya mata. Ta ce, “A'a. Jiya na kalli shi. Babu mota, babu wannan mace. Yarinyan ma ba ya magana, kuka kawai. Oga naka bai kalli wannan fim ba, ya ba ka tori ne.”

Na ce wataƙila idonta ne, aikin dare ya kashe shi. Ta yi dariya, ta yarfe hannu, ta zauna a kan bokitinta ta ba da fim ɗin daga farko har ƙarshe, har da waƙoƙin. Ina kallo mata suka juya mata fuska ɗaya bayan ɗaya. Matar tela, wadda ko labarin haihuwarta ba ta iya bayarwa daidai, ita ce ta ce, “Ashe mijin Amarya zuƙi ta malle yake mana.” Wata ta ce, “To in ba silima yake zuwa ba, ina yake zuwa?” Wannan ta fi ciwo. Na ɗauki kujerata na shige ɗaki, raina kamar ya fita don baƙin ciki.

Da ya dawo ko sannu ban yi masa ba. Na ce gobe Lahadi ƙafata ƙafarsa, fim ɗin nan zan gani da idona. Ya ce, “Ke kin san abin da za a ce in an ga matar aure a silima.” Na ce abin da ake cewa yanzu ya fi shi muni, an mai da ni matar maƙaryaci a bakin famfo. Ya tsaya yana murza hularsa. Can ya ce to.

Na bar 'yata wurin Iya, na lulluɓe da gyale har ido, muka zaga ta unguwar Kongo-Rasha don kada mu haɗu da idon sani. Ashe wannan ce silimar da na yi shekara uku ina yi wa sarauta. Fili ne ba rufi, sanyin Jos na sauka a ka, benci duk ɓawon gyaɗa da tukar rake, hayaƙin sigari kamar ana gasa masara. Ƙatti masu iyali suna yi wa bango ihu, suna gaya wa akta ya waiga, kamar zai ji su. Fim ya tsinke, aka hau zagin mai injin har kakanninsa. Maigidana ya kai ni can gefe, inda benci ya jingina da ginshiƙi, ya zauna kamar wanda ya zo ɗakinsa.

Farkon ya zo yadda ya faɗa, garin, rigar, komai. Na ji sanyi a raina, na fara shirya abin da zan gaya wa Sista. Aka shiga waƙar farko. Aka gama. Ina jiran mota, babu mota. Ina jiran mai wushirya, sai ga wata lanƙwasasshiyar yarinya, haƙora a jere kamar na talla, an ce mata zo ta fashe da kuka, an ce mata tafi ta fashe da kuka. Na juya in tambaye shi yaushe matar za ta fito.

Barci yake. Kansa a jikin ginshiƙi, baki a buɗe, hannuwan nan da buhu ya farfasa suna zube a cinya. Na ɗaga hannu zan zungure shi, sai wani dattijo mai tallar gyaɗa da ke tsugune kusa ya ce, “Ƙyale shi, Hajiya, wurin barcinsa ke nan. In an kusa tashi ni nake taɓa shi ya ga ƙarshe.”

Na ce, “Kullum?”

Ya ce, “Kullum. Bai taɓa wuce waƙar farko ba. In na Canis ne, faɗan farko.”

Na zauna na ci gaba da kallon yarinyar tana jiƙa gyalenta. Ban taɓa ganin abu mara gishiri irin wannan ba. Da aka kunna fitilu don hutun tsakiya na tashe shi na ce mu tafi, na ga abin da na zo gani.

Muka kama hanyar gida. Ni ce dai ban iya riƙe magana ba. Na ce, “Mutum ya bar gadonsa ya je ya sayi tikiti ya yi barci a kan benci cikin sanyi. Wannan wace irin dabara ce?” Ya ce yana ƙoƙari, idon ne ba ya yarda. Na ce to wa ya aike shi? Ya ce, “Ke kika ce kina son ki sani.” Na ce, motar fa? Ya ce abin da yake gani ke nan kullum a hanyar kasuwa, da shi yake cike gurbin.

“Ita kuma mara kunyar nan mai wushirya, a wace kasuwar ka samo ta?”

Ya dubi bakina, ya kau da kai. Ya ce, “Ni mace ɗaya na sani da zan iya kwaikwayon maganarta.”

Na sa harshe na taɓa tsakanin haƙorana na gaba. Shekara uku ina zagin matar nan, ina cewa a sake ta. Kunya ta rufe ni, don na tuna amsar da ya ba ni rannan yana cin tuwo. Har muka isa gida ban ƙara cewa komai ba, wanda a tarihin aurenmu ba a taɓa yi ba.

Da safe duk suna bakin famfo, ko wadda ba ta da wanki ta fito da bokiti. Na so in yi ƙarya, na ma shirya ta. Da na ga fuskar Iya sai na fasa. Na ce, “Sista ta yi gaskiya. Babu mota, babu mai wushirya. Na ga fim ɗin, kuma ina gaya muku bai cancanci a sa takalmi dominsa ba. Wanda nake ba ku, maigidana ne ya ƙirƙira.” Matar tela ta yi shewa har da tafi. Daga ranar kujerata ta koma hannun Sista, ta riƙa ba su fim na gaskiya, daidai da daidai, suna hamma suna cuɗa wanki. Na ji zafin abin, ba zan ce ban ji ba. Iya ce kaɗai ta matso ta ce mini a hankali, “Sai yanzu kika gane ta?”

Ranar Juma'a bayan Magariba ya miƙa hannu zai ɗauki rigar sanyinsa, na riga shi na zauna a kanta. Na ce ga gado nan, ya yi barcinsa kamar mutum, in tuwo ya nuna zan tashe shi. Na tashe shi, na ajiye kwano, na ce, “To, wane aka nuna yau?” Ya dube ni ya ga da gaske nake. Ya ce na kaboyi ne. Bai kai loma biyar ba keken doki ya karye a kan hawa, sai ga ta ta sauko, hannu a ƙugu, tana tambayar akta ko idonsa a aljihu yake da bai ga rami ba.

Na ja gefen zane na rufe bakina, na ce ya ci gaba.