Idon Safaya

A wajen aiki aka laƙaba masa Safaya, sunan kuma ya bi shi har gida.

Ɗakin ajiyar bayanai na wani kamfanin inshora yake kula da shi, ɗakin da sanyinsa kan sa mutum atishawa ana tsakiyar zafi. Akwatunan ƙarfe ne a jere, cike da faya-fayan kwamfuta, kowanne da 'yar fitilarsa. A cikinsu akwai waɗanda ba sa tsinana komai, suna zaune jiran wani ya mutu su gaje shi. Su ne safaya. Shi kuwa aikinsa ya tabbatar kullum akwai magaji a ajiye.

"Ni fa mai gadin 'yan zaman kashe wando ne," in ji shi, in an tambaye shi sana'arsa.

Fitila koriya, lafiya lau. In ta koma ruwan ɗorawa, akwai magana. Shekara da shekaru yana rarrabe su tun daga bakin ƙofa, sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa har kalma ɗaya ta kusa cika allo. Saƙonnin gargaɗin da na'urar ke turowa kuwa suka yi ta taruwa, shi yana ce musu gobe.

Matarsa ce ta fara ganewa, ran da ya gaida tsintsiyar da ke jingine a soro.

"Baban yara, ka je asibiti."

"In suka kwantar da ni, wa zai duba min yarana?"

"Waɗanne? Na ƙarfen, ko waɗanda na haifa maka?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Shi ya fi kowa sanin yadda abin yake: in safaya ta hau kujera, ba a mayar da tsohon faifai. Cire shi ake yi.

Wata safiya mai sharar ofis tana goge ƙasa, ta tsaya ta dafa sandar mofa.

"Malam Safaya, ado kuka canja ne? Wannan fitilar ta ƙasan tun makon jiya take ruwan ɗorawa. Ta fi kyau ma."

Ya durƙusa, ya manna fuska a jikin akwatin har hancinsa ya taɓa ƙarfe. Sannan ya koma kan saƙonnin, yana bin su harafi-harafi kamar ɗan aji ɗaya. Faifai ya mutu, safayar ƙarshe ta gaje shi, babu saura. Wani ya sake mutuwa yanzu, takardun mutanen da gobara ta cinye shagunansu, da na zawarawan da ke jiran haƙƙinsu, duk sai dai labari.

Ya daɗe zaune cikin sanyin nan yana gumi. Yana iya cewa jiya abin ya faru. Wa zai bincika? To, fitilar gaba fa, wa zai gane masa ita?

Ya lallaba ya hau bene zuwa ofishin manaja, hannu a jikin bango.

"Ranka ya daɗe, safaya biyu nake nema. Ɗaya faifai, yau-yau. Ɗaya mutum."

Manaja ya ajiye biro. "Mutum kuma? Me ya same ka?"

"Ido ne."

"Tun yaushe?"

Safaya ya ƙura wa fuskar manajan ido, ko zai gane koriya ce ko ruwan ɗorawa. Hazo kawai ya gani.