Rigunan Da Na Saƙa Wa Ɗiyata Ba Awo

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni ce matar da aka sani da saƙa a unguwarmu a Kaura Namoda. Hular jarirai, safa, rigar sanyi, da kwarashi ko da kibiya, duk ina yi. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma ina taƙama da ita: ba na taɓa zare sai an kawo mini mai rigar na auna ƙirji da wuya da tsawon hannu. Mata har tsiya suke mini, wai ko ɗan tsako aka ce in saƙa wa hula sai na ce a kamo shi. Mutum ɗaya na karya wa wannan ƙa'ida, ɗiyata ta fari.

Da aka yaye ta, uwar mijina ta tafi da ita Zurmi, can ta tashi. Ni kuwa na riƙe kunyar ɗan fari yadda na tarar ana yi, ba na faɗin sunanta, ba na jawo ta jikina gaban mutane. In ta zo hutu Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗi. To, wadda ba ki iya kiran sunanta, ta yaya za ki ce ta zo ta tsaya ki aune ta? Sai in riƙa satar kallonta tana wanke-wanke, ina ƙiyastawa. Duk shekara in sanyi ya kusa, in zaɓi ulu mafi kyau in saƙa mata riga, in ba wani direba mai zuwa Zurmi. Don kada a ce na nuna so, sai in ce ya gaya musu ragowar zare ne, na ga kada ya lalace.

Abin da ban lura da shi ba, ƙiyasin nawa na hutun damina ne, kafin sanyi yarinya ta ƙara tsawo. Ga hannuna da matse saƙa. Surukata kuma mai alkunya ce, kullum saƙon godiya take aikowa, wai riga ta yi kyau, Allah ya yi albarka. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya kowa na rufa wa kowa asiri.

Bayan rasuwar tsohuwar muka je Zurmi. Ana fitar da kayanta sai ga rigunan a ƙasan akwati, a ninke, ko wanki ɗaya ba su gani ba. Wata gwaggon yarinyar ta tambaye ta dalili, ina zaune ina ji. Ta ce ai ba nata ba ne, na ƙannenta ne da Yaya ke saƙa wa, in sun yi yawa a turo mata. Wata kanta ba ya shiga, wata hannun iyakarsa gwiwar hannu. Kaka ta hana ta faɗi, ta riƙa sayo mata ta gwanjo. Ba fushi a muryarta, ba kuka, ta faɗa ne kamar mai cewa yau Talata.

Da ta dawo hannuna na kira ta ɗaki na aune ta. Ta tsaya ta buɗe hannuwa kamar kowace mai kawo aiki. Riga ta zauna mata daidai, ta durƙusa ta yi godiya irin wadda ake yi wa maƙwabciya. Yanzu tana aure a Shinkafi da 'ya'ya biyu. Muna gaisawa cikin mutunci, amma ba ta taɓa kawo mini su awo ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Ban ce kunya aibu ce ba, da ita aka rene mu. Sai dai na gane yaro bai san abin da ke cikin zuciya ba, abin da ya ji da kunnensa ya sani. Masu saƙa, ku daina aiki da ƙiyasi. Iyaye mata, in kunya ta hana ku a tsakar gida, ku ja ɗanku ɗaki ku gaya masa don shi kuka yi. Ɗiyata ta tashi tana ganin ragowa ce rabonta a wurina, kuma ba wani ya kitsa mata ba, ni na aika a gaya mata.