Wadda ta Koma Ban Ruwa

A gidanmu na Damaga, bayan ɗakin kakata Hajo, akwai ɗan fili da bai wuce faɗin tabarma ba. Nan take shuka albasa mai lawashi. Ba ta sayen iri. Gindin da aka yanke za a zubar take tsinta ta binne, ta riƙa ba shi ruwan alwalarta. In ganye ya tashi sai ta yanka ta bar saiwar, ta watsa a faten tsaki ko kwaɗon zogale. Ragowar ta daka ta dunƙula ta shanya, ya zama gabun miyar kuka.

Lokacin sanyi, da an yi isha'i, mukan kewaye murhunta, ni da yayana Mamman da sauran jikoki. "Takwara, matso kusa," take ce mini, don sunanta aka sa min. "Ga ta nan, ta iso ƙofar gida." Mu ce, "Ta shigo mu ji ta."

Akwai wadda ta fi maimaitawa. Wai wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, kowacce da lambun albasarta a bakin gulbi. Sai Dodo ya sauka a garin, kowa ya gudu. Ƙanwar ta ciri gindi bakwai ta ƙulle a bakin zane, ta dasa a inda suka sauka. Yar kuwa barci ya gagare ta. Kullum tana cewa, "Albasata na jin ƙishi." Rannan ta ɗauki tulu ta koma ban ruwa. Tana sunkuye kan kwamin albasarta tana zuba ruwa, Dodo ya haɗiye ta har da tulun.

Kaka sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Kun jiya ko? Abin da ka tsira ko'ina, ba a mutuwa dominai." Mu yi ta dariyar wautar matar, Mamman har yana kwaikwayon tafiyarta da tulu.

Allah ya ɗauki ran Kaka kafin 'yan bindiga su fara shigo mana. Shekarar da abin ya yi tsanani muka baro gida da kayan jikinmu, muka raɓe wurin dangi a Talata Mafara, ɗaki biyu mu goma sha ɗaya. Na samu fasasshen baho na cika da ƙasa, na dasa gindin albasa. Ya kama, amma lawashin baho ƙamshi kawai yake sa wa miya, ba ya kawo hatsin tuwo.

Mamman ya baro albasarsa a fadama, saura kaɗan ta isa cira. Wata safiya na gan shi yana naɗe buhuna.

"Yaya, don girman Allah kada ka tafi," na ce. "Ka manta tatsuniyar Kaka?"

"Ban manta ba, Hajo. Amma jiya ke kika raba tuwo, kin ga abin da 'ya'yana suka samu. Zan ba ta ruwa, in ciro abin da ya nuna, in dawo kafin la'asar."

Kwana uku bayan haka, mutanen Maradun, maƙwabtan garinmu, suka tsinci gawarsa a bakin fadamar. Can aka yi masa sutura, ba mu ko gan shi ba.

Shekaru na yi ina ɗauka matar nan ta tatsuniya wawuya ce. Yanzu ina tunanin Kaka ba ta taɓa faɗa mana ko matar tana da 'ya'ya ba, ko me suka ci a garin da suka sauka. Mu ma ba mu tambaya ba, don a ƙoshe muke saurare. Gaskiya Kaka ta faɗa, amma Mamman bai yi wauta ba, kuma har yau na kasa haɗa biyun a zuciyata.

'Ya'yansa suna hannuna. Da maraice sukan ce, "Gwaggo, yi mana tatsuniya." Ina yi musu kowacce, ban da wannan. Ba zan iya jure jin dariyarsu ba.