Kawu Mamman Mai Tsaga Haske

Kun dai san Kawu Mamman na Gwandu, ba ya gama gaisawa da mutum sai ya duba inda rana take. Hannunsa ɗaya na cikin naka, ɗayan na lalubo gilashin nan mai kusurwa uku a aljihu. Tun yana koyar da kimiyya yake yawo da shi. Shi ya yi ritaya, gilashin bai yi ba. Ya tara shi a rana, launuka su zubo a gaban rigarka. "Ka gani? Hwarin haske taro ne. Gilashi shina lanƙwasa kowa daban, ja kaɗan, shuɗi da yawa, sai su rabu."

Wata rana na raka shi kasuwar Kalgo. Ya tsaya wurin mai faifan sidi yana juya su a rana.

"Malam, wa'azi kake so ko waƙa?"

"Wanda ya mutu nike so."

Wai siraran layukan bayan faifan su ma suna warware haske. Ya yanki ɓallin faifai ya liƙa a kwalin sukari, ya tsaga ƙofa siririya, ya bi gidajen unguwa yana leƙen ƙwan lantarki ta cikin kwalin. Da ya zo shagona ya daɗe yana duban nawa, sannan ya girgiza kai. "Ɗana, hwarin wanga na jabu ne. Launukansa da giɓi."

Wadda ta fi shan wahala matarsa ce, Inna Hajo. Ya riƙa watsa gishirinta a murhu yana leƙen rawayar da wutar ke yi, har gishirin ya ƙare. Ta kawo masa miya lami. Ya shanye tas.

"Ba ka ji komai ba?"

"Na ji. Amma ke ba ki ga rawayar ba."

Da idonsa ya mutu a ƙarshe, an ɗauke ruwa wata la'asar, ya tambaye ni ko bakan gizo ya fito. Na ce ya fito.

"Wane launi ne a sama?"

Na ce kore, don ban duba ba.

"Ja ne, sakarai. Tashi ka duba, kai da ke da ido."

Na fita. Ja ne kuwa. Na daɗe a tsaye a tsakar gida kafin na iya komawa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa.